Yahudawa a watan Kirsimeti: Daga kulle ƙofa zuwa kunna fitila a dandali

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa farkon Janairu, da wuya a samu lungun da Kirsimeti bai shiga ba a biranen Amurka. Kantuna kan sauya ado, gidajen rediyo su yi ta sakin waƙoƙin bikin dare da rana, a kafa bishiya mai ƙyalƙyali a ofisoshi da filayen jiragen sama da harabar makarantu. Ƙungiyar masu kantuna ta ƙasar ta ce cinikin da aka yi a watannin Nuwamba da Disamba na 2024 ya kai dala biliyan 994, kuma a kowace shekara waɗannan watanni biyu kan kwashe kusan kashi ɗaya cikin biyar na cinikin shekara baki ɗaya. Bikin ya daɗe da fita daga coci, ya zama harkar kasuwa da ta gwamnati da ta kowa.

A tsakiyar wannan hidima akwai Yahudawa kimanin miliyan 7.5, kamar yadda cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta a 2020, wato ƙasa da kashi uku cikin 100 na al'ummar ƙasar. Addininsu bai ɗauki Annabi Isa (AS) a matsayin Almasihun da suke jira ba, saboda haka ranar da Kiristoci suka ware domin tunawa da haihuwarsa ba ta da gurbi a kalandar ibadarsu. Duk da haka ranar ce ake rufe musu ofis, ita ake rera wa 'ya'yansu waƙa a kanta a makaranta, ita ce kuma abokan aiki ke tambayarsu me suka shirya mata.

A Najeriya gwamnatin tarayya na ba da hutun Sallah, ta kuma ba da na Kirsimeti da Ista. A Amurka kuwa, cikin ranakun hutu 11 na gwamnatin tarayya, Kirsimeti ne kaɗai ya samo asali daga bikin wani addini takamaimai, kuma tun 1870 doka ta tabbatar da shi. Manyan ranakun Yahudawa, wato sabuwar shekararsu da kuma Yom Kippur, ranar azumi da neman gafara, suna faɗowa ne a Satumba ko Oktoba. Ma'aikacin da ke son kiyaye su sai dai ya yanka daga hutunsa na shekara, ko ya nemi alfarmar shugaban ofis.

Daren da ba a fita

Domin a fahimci nauyin watan Disamba a zukatan waɗannan mutane, sai an waiwayi Gabashin Turai, inda kakannin mafi yawansu suka fito. A can, daren Kirsimeti dare ne na kulle ƙofa. Akwai tsohuwar al'adar da suke kira Nittel, inda ake dakatar da karatun Attaura a wannan dare, maza su zauna a gida suna karta ko dara. Malamansu sun kawo dalilai daban-daban na addini, amma masana tarihi na nuni da wani dalili na zahiri: wanda ya fita zuwa makaranta ko wurin ibada yana iya haɗuwa da taron da ya fito daga coci da ɗumin wa'azi da na giya. Wasu mabiya ɗariƙun Yahudawa masu tsantseni suna riƙe da al'adar har yau.

Tsoron yana da tushe. Ranar Kirsimeti ta 1881, a birnin Warsaw, wani ya yi ihun gobara a cikin wata babbar coci, aka yi turmutsitsi, mutane da dama suka mutu. Nan take jita-jita ta bazu cewa Yahudawa 'yan sane ne suka yi ihun domin su samu damar yankan aljihu. Kwana uku aka yi ana farfasa gidaje da shagunan Yahudawa. Daga wannan shekara zuwa 1924, Yahudawa sama da miliyan biyu suka bar Gabashin Turai suka nufi Amurka.

A Jamus da Ostiriya kuwa, masu hannu da shuni daga cikinsu wata hanya suka bi. Sun rungumi bishiyar Kirsimeti a matsayin al'adar ƙasa, suka ce ba ruwanta da aƙida. Theodor Herzl, wanda ake ɗauka uban aƙidar kafa ƙasar Yahudawa, ya rubuta a kundin ajiyar bayanansa cewa a jajibirin Kirsimeti na 1895 babban malamin Yahudawan birnin Vienna ya kai masa ziyara, ya tarar da shi yana kunna wa 'ya'yansa kyandir a jikin bishiya, kuma ran malamin ya ɓaci. Watanni biyu bayan haka Herzl ya fitar da littafin da ya ce Yahudawa ba za su taɓa samun karɓuwa a Turai ba. Abin da Hitler ya yi daga baya bai bambanta masu bishiya da masu kulle ƙofa ba.

Ƙaramin biki da aka kumbura

A Amurka barazanar ta sauya kama. Ba wanda ke fasa ƙofa, sai dai yaro na dawowa daga makaranta yana tambayar me ya sa Baba Kirsimeti ba ya zuwa gidansu. Zama da maɗaukin kanwa, an ce, shi ke kawo farin kai, kuma abin da iyaye da malamai suka ji wa tsoro ke nan.

Maganin da suka samo shi ne Hanuka, wani biki na kwana takwas da ke faɗowa tsakanin ƙarshen Nuwamba da ƙarshen Disamba, gwargwadon yadda kalandarsu ta wata ta juya. Tushensa tawayen da wasu Yahudawa da ake kira Makabiyawa suka yi wa sarki Antiyokus na Huɗu, wanda ya hana su addininsu ya kuma cusa bautar gumakan Girkawa a babban ɗakin ibadarsu na birnin Ƙudus. Sun ƙwace ɗakin suka tsarkake shi a shekara ta 164 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ruwayar malamansu ta ce man fitilar da aka samu mai tsarki na kwana ɗaya ne, amma ya ci kwana takwas. Shi ya sa ake kunna kyandir ɗaya a daren farko, biyu a na biyu, har zuwa takwas, a kan wani alkuki mai rassa tara da ake kira menora. Ana kuma cin abubuwan da aka soya da mai, kamar wainar dankali da wani nau'in fanke mai zaƙi a ciki.

A ma'aunin addini Hanuka ƙaramar rana ce. Ba ta cikin littattafan da Yahudawa suka ɗauka saukakku, ba a hana aiki a cikinta, kuma labarin Makabiyawan ma a Baibul ɗin Katolika da na cocin Otodoks aka adana shi. Girmanta na yau a Amurka aka ƙera shi. Tun a shekarun 1860 da 1870 wasu malamai biyu a birnin Cincinnati, Isaac Mayer Wise da Max Lilienthal, suka fara shirya wa yara taron Hanuka da waƙoƙi da alewa, domin kada idonsu ya tsaya a tagar maƙwabta. Bayan yaƙin duniya na biyu, da Yahudawa suka watsu zuwa sababbin unguwannin bayan gari inda suka zama tsiraru a kowane layi, sai 'yan kasuwa suka shigo. 'Yan kuɗin da a da ake bai wa yara suka koma kyaututtuka a naɗe, a wasu gidajen ma kowane dare da tasa. Aka fito da katin gaisuwa da fitilun ado, shuɗi da fari maimakon ja da kore.

Malamai da dama na ganin an gudu daga gara an faɗa gidan zago. Bikin da asalinsa tunawa ne da mutanen da suka ƙi narkewa cikin al'adar masu mulki, shi ne ya koma ya fi kowane bikin Yahudawa kama da na maƙwabta. Wannan suka tana da ƙarfi, amma ba ta cika yi wa iyayen adalci ba. Uwar da ke da ɗan shekara shida a ajin da kowa ke zanen bishiya ba muhawarar tauhidi ce a gabanta ba, tana neman abin da yaron zai ce nasa ne idan an tambaye shi.

Wani abin mamaki kuma shi ne, Kirsimetin da ya mamaye Amurka da hannun Yahudawa a cikinsa. Irving Berlin, ɗan gudun hijira daga daular Rasha wanda mahaifinsa mai jan addu'a ne a wurin ibadar Yahudawa, shi ya rubuta “White Christmas”, wadda ake lissafawa cikin waƙoƙin da suka fi kasuwa a tarihi. Johnny Marks da Mel Tormé, su ma Yahudawa, suna cikin waɗanda suka rubuta fitattun waƙoƙin lokacin. Waƙoƙin nasu na magana ne a kan dusar ƙanƙara da kewar gida da zaman iyali, babu coci a ciki. Da haka suka taimaka aka samu wani Kirsimeti na biyu, na ƙasa, wanda wanda ba Kirista ba zai iya raɓa ba tare da ya ji ya bar addininsa ba.

Ranar 25 ga watan ita kanta an samar mata abin yi. A New York, baƙin haure Yahudawa da na China sun zauna a unguwanni maƙwabta, kuma gidajen abincin 'yan China ne ke buɗe ranar da kowa ya rufe. Girkinsu ba ya haɗa nama da madara, haɗin da shari'ar Yahudawa ta haramta, ko da yake naman alade na ciki, wanda da yawa suka riƙa kawar da kai a kansa tunda an yayyanka shi ƙanana. Cin abincin China da zuwa sinima ya zama al'ada har ta kai a 2010, da wani sanata ya tambayi Elena Kagan, lokacin tantance ta domin zama mai shari'a a Kotun Ƙoli, inda take ranar Kirsimeti, sai ta ce wataƙila tana gidan abincin 'yan China kamar sauran Yahudawa. Zauren ya kwashe da dariya. Wasu kuma kan karɓi aikin abokan aikinsu Kiristoci a asibitoci da gidajen tsofaffi domin su je gida. A birnin Detroit, tun 2009 Musulmi ke shiga wannan aikin sa-kai tare da Yahudawa.

Inda abin ya fi tsauri shi ne cikin gida. Binciken Pew na 2020 ya nuna cewa kashi 61 cikin 100 na Yahudawan Amurka da suka yi aure daga 2010 zuwa lokacin, waɗanda ba Yahudawa ba suka aura. Wani binciken cibiyar na 2013 ya gano kusan kashi ɗaya cikin uku na Yahudawan ƙasar sun kafa bishiyar Kirsimeti a gidajensu. Ga wanda aka haifa Kirista bishiyar ƙamshin gidan iyaye ce. Ga abokin zamansa kuwa tana iya zama alamar cewa jikokin kakarsa sun fara ficewa.

Makaranta, kotu da dandali

Ba duka aka bari a cikin gida ba. A Disamban 1906, dubban yara Yahudawa a New York sun ƙaurace wa makarantun gwamnati a ranar bikin Kirsimeti, bayan ƙorafin cewa wani shugaban makaranta a Brooklyn ya yi wa ɗalibai wa'azin Kiristanci. Martanin da ya biyo baya ya daɗe yana yawo. A shekarun 1920 jaridar attajirin motoci Henry Ford ta zargi Yahudawa da yunƙurin kashe Kirsimeti. Zancen “yaƙi da Kirsimeti” da wasu masu sharhi a tashar Fox News suka farfaɗo da shi a shekarun 2000, wanda Donald Trump ya mayar da shi taken kamfe, bai cika ambaton Yahudawa da suna ba, amma da yawansu sun gane muryar.

Tsawon shekaru matsayin manyan ƙungiyoyin Yahudawa, irin su American Jewish Congress, shi ne a tsame addini gaba ɗaya daga gine-ginen gwamnati. Lissafinsu mai sauƙi ne: idan aka buɗe ƙofar, masu rinjaye ne za su cika ɗakin. Sai ga ƙungiyar Chabad, ƙarƙashin jagorancin malaminta Menachem Mendel Schneerson, ta zo da akasin haka. Ta ce maimakon a nemi a cire na wasu, a kawo nasu a kafa. A 1974 ta kunna menora a bainar jama'a a birnin Philadelphia, a 1979 kuma Shugaba Jimmy Carter ya halarci kunna wata a dandalin da ke gaban fadar White House.

Rigimar ta kai Kotun Ƙoli a 1989, daga birnin Pittsburgh. Kotun ta ce ajiye siffar haihuwar Annabi Isa (AS) ita kaɗai a kan matakalar ginin kotun gunduma ya saɓa wa tsarin mulki, domin yana nuna gwamnati ta ɗauki ɓangare. Amma ta bar menorar Chabad mai tsawon ƙafa 18 da aka kafa kusa da bishiyar Kirsimeti mai ƙafa 45 a gaban ginin hukumar birni. Hujjar da ta fi fitowa a hukuncin ita ce, a gefen bishiyar, menora na isar da saƙon al'ada da 'yancin kowa ne fiye da na ibada. Wato ta samu shiga ne bayan an rage mata nauyin addini, abin da ba shi Chabad ta je nema ba. Duk da haka hanyar Chabad ce ta yi rinjaye. George W. Bush ya fara shirya liyafar Hanuka a White House a 2001, a 2022 kuma Joe Biden ya sanya menora ta dindindin cikin kayan fadar. Yau ana kunna irinta a Landan da Paris da Berlin da ɗaruruwan birane.

Wannan gwagwarmaya ba Yahudawa kaɗai ta amfana ba. Makarantun gwamnati na birnin New York sun fara rufewa a manyan ranakun Yahudawa tun 1960, kuma da wannan misali Musulmin birnin, ciki har da 'yan Afirka ta Yamma, suka kafa hujja har magajin gari Bill de Blasio ya sanya Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah cikin ranakun hutu a 2015. Dokar da ta wajabta wa ma'aikata su sassauta wa ma'aikaci domin ibadarsa, wadda Kotun Ƙoli ta ƙarfafa a 2023 a shari'ar wani Kirista ma'aikacin gidan waya da ya ƙi aikin Lahadi, ita ce ke kare mai Asabar da mai Juma'a.

Tsirarun can, masu rinjayen nan

A Isra'ila lamarin a juye yake. Ranar 25 ga Disamba ranar aiki ce kamar kowace, Kiristoci kuma ba su kai kashi biyu cikin 100 ba. Sai a 2015 hukumar manyan malaman ƙasar ta janye ƙa'idar da ke barazanar ƙwace takardar shaidar halaccin abinci daga otal ɗin da ya kafa bishiyar Kirsimeti. Yahudawa kusan miliyan ɗaya da suka zo daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet sun sha kallon banza saboda bishiyar da suke kafawa ta sabuwar shekara. A Baitalami kuwa, garin da ke Gaɓar Yamma da Isra'ila ta mamaye, Kiristocin Falasɗinu sun soke shagulgulan Kirsimeti a 2023 da 2024 saboda kashe-kashen Gaza. Halin ko-in-kula da tsiraru ke kuka da shi ba na wani addini ɗaya ba ne, yana bin wanda ke riƙe da kalandar gwamnati.

Yaƙin na Gaza ne ya sake sauya ma'anar fitilar dandali. A ƙarshen 2023 ƙaramar hukumar Havering da ke gabashin Landan ta dakatar da kafa menora a gaban sakatariyarta, tana tsoron tashin hankali, sannan ta janye matakin bayan suka daga ɓangarori da dama, ciki har da wata ƙungiyar Musulmin Birtaniya da ta ce ibadar Yahudawa daban, siyasar Isra'ila daban. Su kansu Yahudawan kansu a rabe yake. A daren ƙarshe na Hanuka ta wannan shekara, ƙungiyar Jewish Voice for Peace ta tare gadoji da tituna a birane takwas na Amurka tana neman a tsagaita wuta, yayin da wasu ke kunna kyandir domin mutanen da Hamas ta yi garkuwa da su. Mai ɗaukar makami ba ya tsayawa tambayar wane ɓangare mutum yake. Alƙaluman hukumar FBI na 2023 sun nuna kusan kashi biyu cikin uku na laifukan ƙiyayya masu alaƙa da addini a Amurka a kan Yahudawa aka aikata su.

Pittsburgh, birnin da menora ta yi nasara a kotu, nan ne wani ɗan bindiga mai aƙidar fifita farar fata ya kashe mutum 11 a wurin ibadar Yahudawa a Oktoban 2018. A Disamban 2019 wani ya kutsa gidan wani malami a Monsey, jihar New York, da adda ana tsakiyar bikin Hanuka. Mafi muni shi ne na ranar 14 ga Disamban 2025, a gaɓar tekun Bondi da ke Sydney a Ostareliya, inda wasu mutum biyu, uba da ɗa, suka buɗe wuta a kan taron daren farko na Hanuka da Chabad ta shirya, suka kashe mutum 15, har da yarinya 'yar shekara 10. Hukumomi sun danganta maharan da aƙidar ƙungiyar IS. Wanda ya yi kukan kura ya ƙwace bindigar ɗaya daga cikinsu, aka kuma harbe shi a wajen, wani Musulmi ne ɗan asalin Siriya.

Akwai misalin yadda maƙwabta ke iya amsawa. A 1993, a garin Billings na jihar Montana, an jefa bulo ta tagar ɗakin wani yaro Bayahude saboda menorar da ke jiki. Jaridar garin ta buga hoton menora a cikakken shafi, dubban gidaje da shaguna da coci-coci suka yanke suka manna a tagoginsu. Amma hoton takarda ba ya tare harsashi, kuma a yau taron Hanuka a manyan birane na tafe ne da 'yan sanda da shingen ƙarfe da na'urar bincike, kuɗin da galibi al'ummar ke tarawa, gwamnati ta ɗan tallafa.

Shari'ar Yahudawa ta san da wannan hali tun fiye da shekara 1,500. Hukuncin da ke cikin Talmud, babban kundin fiƙihunsu, shi ne a ajiye fitilar Hanuka a bakin ƙofa ta waje domin masu wucewa su gani, wanda ke zaune a bene ya sa a taga. A lokacin haɗari kuma an yarda mutum ya ajiye ta a kan teburinsa a cikin ɗaki, ta wadatar. Shekara 50 da Chabad ta yi tana kafa menora a dandali an yi su ne a kan fahimtar cewa wancan lokaci ya wuce, aƙalla a ƙasashen Yamma. Bayan harin Bondi shugabannin ƙungiyar sun ce a ci gaba da fita, kuma an fita a New York da Landan da Berlin ƙarƙashin tsaro mai tsanani. Amma hukuncin tebur bai goge ba, kuma kowane magidanci ne ke yanke wa gidansa ko taga ko cikin ɗaki. Hanuka ta 2026 za ta fara ne da yammacin 4 ga Disamba, mako uku kafin Kirsimeti.